Amana a Fagen Ilmi: Tarihin Ƙa'idojin Buga Bincike a Mujallun Masana



GABATARWA

Abin da zan yi magana a kansa a yau shi ne mujallun masana, watau irin mujallun nan da ake jerawa a ɗakin karatu na jami'a, waɗanda ba a tallarsu a bakin titi, ba kuma wanda ke ɗaukarsu don nishaɗi. Ko da yake masu karanta su ba su da yawa, babu ɗaya daga cikinmu da abin da ke cikinsu bai shafa ba. Maganin da likita ya rubuta wa ɗanka, da irin da malamin gona ya ce a shuka, da manhajar da Ma'aikatar Ilmi ta aika wa makarantu, galibinsu sai da wani ya yi bincike, ya rubuta maƙala, aka buga ta a mujalla, sa'an nan suka iso gare mu. Malamin jami'a kuwa ba ya hawa daga mataki zuwa mataki sai an duba abin da ya buga a irin waɗannan mujallu.

To, mai karanta maƙala ba ya nan sa'ad da aka yi awon, bai ga marasa lafiyar da aka gwada wa maganin ba, bai kuma san abin da ya gudana tsakanin marubuci da edita ba. Yarda kawai ya yi. Saboda haka duk wannan gini a kan amana ya tsaya. Nufina shi ne in bi tarihin wannan amana, in nuna cewa ƙa'idojin da editoci ke aiki da su ba a rana ɗaya aka zauna aka tsara su ba. Kusan kowace ɗaya daga cikinsu ta biyo bayan wata ɓarna ce da ta auku, kamar yadda akan ƙara wa shinge ƙaya a inda awaki suka taɓa kutsawa. Zan bi su ta hanyar tambayoyi biyar: wa ya fara ganowa, wa ya duba, shin gaskiya ne, wa aka cutar, kuma wa ya biya.

WA YA FARA GANOWA?

Batun danganta magana ga mai ita ya girmi mujalla ƙwarai da gaske. Malaman Hadisi sun kafa ilmi guda na binciken masu ruwaya, suna tantance wanda za a karɓi maganarsa da wanda za a bari. Jalaluddini Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya rubuta ɗan littafi a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, domin wani ya kwashi aikinsa bai ambace shi ba. Shi ma kansa bai tsira ba, gama abokin hamayyarsa Sakhawi ya zarge shi da irin wannan laifi. A nan ƙasarmu, Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi takanas don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Amma fa akwai bambanci: wannan hanya mutumin take aunawa, ta ga ko amintacce ne. Mujalla kuwa ta zo da niyyar auna aikin kansa, ko da ba a san mai shi ba.

A Turai ta ƙarni na 17, masani da ya gano sabon abu yakan shiga tsaka mai wuya. In ya faɗa, wani ya sace. In ya yi shiru, wani ya riga shi. Dabarar da wasunsu suka yi ita ce su rubuta abin da suka gano cikin jimla ɗaya, su hargitsa haruffanta, su buga hargitsin. Galileo ya yi haka a 1610. Robert Hooke ya buga ƙa'idarsa ta miƙewar ƙarfe cikin hargitsattsun haruffa a 1676, bai warware su ba sai 1678. Ka ga ke nan suna ya tsira, amma ilmi bai amfani kowa ba.

A cikin wannan hali ne mujallu biyu na farko suka fito a shekara ɗaya. Ranar 5 ga Janairu, 1665, Denis de Sallo ya fitar da Journal des sçavans a Faris. Ranar 6 ga Maris ta wannan shekara, Henry Oldenburg, Bajamushe, sakataren ƙungiyar masana ta Landan da ake kira Royal Society, ya fitar da Philosophical Transactions, wadda har yau ana bugawa. Cinikin da Oldenburg ya ƙulla da masana mai sauƙi ne: ka aiko da abin da ka gano, a rubuta ranar da ya iso, a buga shi da sunanka, kai ka sami shaidar cewa kai ka fara, jama'a kuma su sami ilmin. Wannan ne ya sa har yanzu za ka ga an rubuta ranar da aka karɓi maƙala a ƙarƙashinta.

Ba a daɗe ba aka ga inda wannan tsari ke da rauni. Isaac Newton ya gano wani reshen lissafi da ake kira kalkulas wajen 1665 zuwa 1666, amma ya ajiye bai buga ba. Gottfried Leibniz na Jamus ya gano shi ta tasa hanyar, ya buga a mujallar Acta Eruditorum a 1684. Daga baya magoya bayan Newton suka ce sata Leibniz ya yi. Leibniz ya kai kuka ga Royal Society, aka kafa kwamiti a 1712, kwamiti ya ba Newton gaskiya. Abin da ba a bayyana ba a lokacin shi ne, Newton, wanda shi ne shugaban ƙungiyar tun 1703, shi ya tsara rahoton kwamitin da hannunsa. Ba a nemi jin ta bakin Leibniz ba. Bai tsaya nan ba, a 1715 sai ya rubuta sharhi a kan wannan rahoto, aka buga a mujallar ƙungiyar ba tare da sunansa ba. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai shaida. Leibniz ya rasu a 1716 da wannan tabo a jikinsa, alhali masana tarihi a yau sun haɗu a kan cewa kowannensu ya gano abin ne ba tare da ɗayan ba. Darasin a fili yake: ba a ba kura ajiyar nama, ko da kuwa kurar ita ce mafi ilmi a zamaninta. Ƙa'idar da ke hana edita ko mai tantancewa ya yanke hukunci a kan abin da yake da rabo a ciki, irin wannan ne ta zo ta hana.

WA YA DUBA?

Mutane da yawa suna zaton tun ran farko ake aika maƙala ga wasu masana su tantance kafin a buga ta. Ba haka ba ne. Shekaru kusan casa'in Philosophical Transactions tana hannun sakatare, shi ke zaɓen abin da ya ga dama. Sai da wani marubuci mai suna John Hill ya yi wa ƙungiyar ba'a a 1751, yana tono shirmen da aka buga a cikinta, sa'an nan a 1752 ƙungiyar ta karɓi mujallar ta kafa kwamitin zaɓen maƙalu. Rubutaccen rahoton mai tantancewa kuwa sai a 1832 ya soma. Da farko an yi niyyar a riƙa buga rahotannin kowa ya gani, amma ba a jima ba suka koma na asiri.

Asirin nan yana da amfani, domin yakan ba ƙaramin malami ƙarfin halin faɗa wa babba gaskiya. Yana kuma da illa. A 1845 wani malami mai suna John Waterston, wanda ke koyarwa a Bombai, ya aiko da maƙala yana cewa iska ƙananan ƙwayoyi ce masu kai da kawowa, zafinta kuma daga saurin motsinsu yake. Masu tantancewa suka yi watsi da ita, aka jefa ta cikin ma'ajiyar takardu. Sai a 1891 Lord Rayleigh ya tono ta, ya ga ashe mutumin ya riga manyan masana da shekaru, aka buga ta a 1892. Waterston ya riga ya rasu tun 1883. Mai tantancewa da ya yi wa aikin baƙo riƙon sakainar kashi don bai san sunan mai shi ba, shi ma ya ci amana.

Ga kuma misalin da ya juya. A 1936 Albert Einstein da mataimakinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review ta Amurka wata maƙala. Tambayar ita ce, shin ƙarfin janyowa da ke tsakanin taurari yana iya tafiya cikin sararin samaniya kamar yadda igiyar ruwa ke tafiya? Suka ce ba ya yi. Edita John Tate ya aika maƙalar ga mai tantancewa, wanda ya dawo da shafi goma na gyara. Einstein, wanda ya saba da mujallun Jamus inda edita ke karɓar aikinsa kai tsaye, ya fusata, ya ce bai ba da iznin a nuna wa kowa ba, ya janye maƙalarsa. Amma kafin ta fito a wata mujalla a 1937, ya gane akwai kuskure, ya sauya sakamakon gaba ɗaya. Wanda ya taimaka aka nuna masa kuskuren, Howard Robertson, daga baya aka tabbatar shi ne mai tantancewar nan da ya ƙi saurara. A 2015 na'urori suka ji waɗannan igiyoyi a zahiri. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

Ya kamata a lura cewa wajabcin tantancewa sabon abu ne. Mujallar Nature, wadda aka kafa a 1869, ba ta wajabta aika kowace maƙalar bincike ga masanan waje ba sai a 1973. Abin da ya jawo haka shi ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci sun zuba kuɗi masu yawa a bincike, maƙalu suka yi yawa har suka fi ƙarfin edita ɗaya, 'yan majalisa kuma suka soma tambayar yadda ake kashe dukiyar jama'a.

SHIN GASKIYA NE?

Tun a 1830 Charles Babbage, masanin lissafi a Ingila, ya kasa maguɗin bincike gida huɗu. Akwai mai shirya ƙarya don ya kunyata wasu in ta fallasa. Akwai mai ƙirƙiro awon da bai yi ba sam. Akwai mai datse alƙaluman da suka yi nisa da sauran don aikinsa ya yi kyan gani. Akwai kuma mai yin awo ɗari ya tsinci goma sha biyar da suka dace da ra'ayinsa ya ɓoye sauran. Duk da haka, fiye da shekara ɗari masana suna ɗaukar maguɗi a matsayin abin da ba kasafai yake faruwa ba, aikin wanda hankalinsa ya taɓu.

A 1974 William Summerlin, likita a wata babbar cibiyar binciken ciwon daji a New York, ya ce ya gano hanyar dasa fatar wata dabba a jikin wata ba tare da jiki ya ƙi ta ba. Hujjarsa fararen ɓeraye ne masu baƙin tabo. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya goga wa tabon sinadari, sai ga baƙi ya fita. Ashe da alƙalamin tawada ya shafa.

Wanda ya fi girgiza editoci shi ne John Darsee, matashin likitan zuciya a Jami'ar Harvard. A watan Mayu na 1981 abokan aikinsa suka gan shi yana manna wa takardun awo na sa'o'i kaɗan alamun kwanaki dabam-dabam, don a ɗauka gwajin ya ɗauki makonni. Da aka bi sawu, sai aka tarar ya daɗe yana yi, tun yana Jami'ar Emory. Wasu masana biyu, Walter Stewart da Ned Feder, suka bi rubuce-rubucensa 109, waɗanda ke ɗauke da sunayen abokan rubutu 47, suka buga abin da suka samu a 1987. A cikin wata maƙala da ta fito a babbar mujallar likitoci ta New England, akwai jadawalin zuriyar wani gida, inda aka nuna saurayi ɗan shekara 17 yana da 'ya'ya huɗu, babbar cikinsu tana da shekara 8. Watau ya haife ta yana ɗan shekara takwas ko tara ke nan. Abokin rubutu bai lura ba, masu tantancewa ba su lura ba, edita bai lura ba.

Tambayar da ta taso ita ce, ina manyan malaman da sunayensu ke kan waɗannan maƙalu? Amsar da yawansu ita ce ba su san abin da ke ciki ba. An sa sunansu ne don girmamawa, ko don su ne shugabannin sashe. Sun karɓi yabo sa'ad da ake yabo, da abin ya ɓaci suka ce ba ruwansu. Wasu editocin mujallun likitanci, waɗanda suka fara haɗuwa a birnin Vancouver na Kanada a 1978 don daidaita tsarin rubutu kawai, sai suka ga tilas su shiga wannan batu. A 1985 suka fitar da sharuɗɗan zama marubuci: sai wanda ya sa hannu sosai a tsara binciken ko fassara sakamakonsa, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya kuma amince da abin da za a buga. Samo kuɗi ko shugabancin sashe kaɗai bai isa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. A 1997 kuma wasu editoci a Landan suka kafa kwamitin ɗa'ar ɗab'i da ake kira COPE, wanda ya tsara matakan da edita zai bi in ya yi zargin sata ko ƙirƙira, da yadda ake janye maƙala a fili, da dalili, ba a share ta a ɓoye ba.

WA AKA CUTAR?

Maƙala tana iya zama gaskiya tsantsa, amma hanyar da aka bi aka samo gaskiyar ta zama zalunci. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Gwamnatin Amurka ta bi baƙaƙen fata 600 a yankin Tuskegee, 399 daga cikinsu suna da ciwon tunjere. Ba a gaya musu cutar da ke jikinsu ba, aka kuma bar su babu magani don a ga yadda cutar ke cin mutum, har bayan da allurar fenisilin ta samu. Abin lura ga batunmu shi ne ba a ɓoye aka yi ba. An yi ta buga rahotannin binciken a mujallun likitoci, fiye da sau goma, editoci suna karɓa, likitoci suna karantawa. Sai da labarin ya fita a jaridu a 1972 aka tsayar.

A 1966 Henry Beecher na Harvard ya buga maƙala mai ɗauke da misalai 22 na gwaje-gwajen da aka jefa marasa lafiya cikin haɗari ba da saninsu ba. Bai je ko'ina neman su ba, daga shafukan manyan mujallu ya tsinto su. Ya ɗora wa editoci nasu kason na laifin. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta riga ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964, amma a gyaran da aka yi mata a Tokyo a 1975 ne aka ƙara abubuwa biyu: kwamiti mai zaman kansa ya duba kowane gwaji kafin a soma, kuma kada a karɓi rahoton da ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji don bugawa. Da wannan aka mai da edita mai gadin ƙofa.

Mu a nan mun san abin da wannan takarda ta amincewar kwamiti take nufi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200. Yara 11 sun rasu, wasu daga rukunin sabon maganin, wasu daga rukunin wanda aka kwatanta shi da shi. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, ya kuma musanta aikata laifi. Amma bayan da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen shekarar 2000, ya bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kuma sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Amanar da aka ci a wuri ɗaya, a wani wuri dabam ake biyan bashinta.

WA YA BIYA?

A watan Fabrairu na 1998 mujallar The Lancet ta Landan ta buga maƙalar Andrew Wakefield da wasu mutum 12. Yara 12 kacal aka duba, amma maƙalar ta ɗarsa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da lalurar ƙwaƙwalwa da ake kira otizim. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga wajen kashi 92 cikin ɗari zuwa wajen kashi 80, ƙyanda kuma ta dawo. A 2004 wani ɗan jarida, Brian Deer, ya gano cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar ƙara, bai kuwa bayyana haka a maƙalar ba. Mutum goma daga cikin abokan rubutunsa suka janye daga fassarar da aka yi wa sakamakon. Mujallar ba ta janye maƙalar ɗungurungum ba sai a Fabrairu 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci a watan Mayu. Manyan bincike da suka ƙunshi dubban ɗaruruwan yara ba su sami wannan alaƙa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne, amma wannan ramin sai da aka shekara goma sha biyu ana tafiya a cikinsa.

Don haka ne mujallu ke tilasta wa marubuci ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi. Mujallar New England ta soma neman haka tun 1984. Daga 2005 kuma manyan mujallun likitanci suka ƙi karɓar rahoton gwajin magani sai in an yi masa rajista a bainar jama'a tun kafin a soma, don kada kamfani ya yi gwaji goma ya buga biyun da suka yi masa daɗi. Wannan shi ne maguɗi na huɗu da Babbage ya ambata, ya dawo da sabuwar riga.

Ita kanta mujallar ba ta tsira daga sharrin kuɗi ba. Da can ƙungiyoyin masana ke buga mujallu, sau da yawa da hasara. Daga 1951 Robert Maxwell ya nuna da kamfaninsa na Pergamon cewa akwai riba mai yawa a ciki, tun da marubuci kyauta yake bayarwa, mai tantancewa kyauta yake dubawa, ɗakin karatu kuma tilas ya saya. A 1991 ya sayar da kamfanin ga Elsevier a kan fam miliyan 440. Da tsadar mujallu ta yi yawa, intanet kuma ta samu, sai aka fito da tsarin da kowa zai karanta kyauta, amma a yawancin lokaci marubuci ne zai biya kuɗin bugawa. Niyyar kyakkyawa ce, ta kuma amfani ƙasashe irin namu ƙwarai. Sai dai ta buɗe wata ƙofa: wanda ke samun kuɗi a kan kowace maƙalar da ya karɓa, me zai sa ya ƙi wata?

A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya shirya maƙalar bogi a kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibi mai lura zai gane, ya sa mata ƙagaggun sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Bayan wannan kuma sai ga masana'antun maƙalu, masu ƙera bincike su sayar wa mai bukata gurbin suna. Kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira, Wiley kuma ya saye shi a 2021, ya janye maƙalu fiye da 8,000 a 2023 kaɗai. A wannan shekara jimlar maƙalun da aka janye a duniya ta haura 10,000. A cikinta ne kuma manyan mujallu suka yanke cewa ba za a sa na'urar kwamfuta mai tsara rubutu a jerin marubuta ba, domin ba za a iya kiranta ta amsa laifi ba. Ka ga dalilin nan shi ne dai wanda aka koya daga Darsee.

KAMMALAWA

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mujallun bogi ba su yi kasuwa ba sai da suka sami masu saye, kuma binciken da aka buga a 2015 ya sa Nijeriya cikin ƙasashen da marubutansu suka fi yawa a irin waɗannan mujallu. Ba na jin dalilin shi ne malamanmu sun fi na wasu ƙasashe son zuciya. Matuƙar kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙalu yake yi ba karanta su ba, to, malami mai ɗalibai ɗari biyar da ɗakin gwajin da babu wuta zai nemi inda za a buga masa cikin mako biyu. A 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ke kira da a auna malami da abin da ke cikin aikinsa, a daina dogara ga sunan mujallar ko yawan lamba. Wannan kira ya shafe mu kai tsaye.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori biyu na masu saurarona. Ku ɗalibai, duk maganar da kuka ɗauko ku faɗi mai ita. Ku ajiye littafin da kuka rubuta awonku na asali, har da alƙaluman da ba su yi muku daɗi ba. Kada ku sa sunan wanda bai yi aiki ba, kada kuma ku yarda a cire sunan wanda ya yi. Ku kuma ma'aikatan Gwamnati, sa'ad da aka kawo muku fayil aka ce bincike ya nuna kaza, ku yi tambayoyin nan biyar kafin ku sa hannu. A wace mujalla aka buga, su wane ne editocinta, wa ya biya kuɗin binciken, an nemi iznin mutanen da aka yi gwajin a kansu, kuma ba a janye maƙalar ba? Yawancin amsoshin ana samunsu cikin rabin sa'a a intanet. Sa hannunku kuwa yana iya zama abin da zai kai magani ko iri ko manhaja ga mutum miliyan.

Tarihin nan na shekara ɗari uku da sittin ya nuna cewa ƙa'ida ba ta taɓa hana mai niyyar ha'inci yin ha'inci ba. Abin da take yi shi ne ta gajarta kwanakinsa, ta kuma ba mai gaskiya abin dogara sa'ad da zai ce a'a. A labaran da na kawo, waɗanda suka tsayar da ɓarnar sau da yawa ba manyan shaihunnai ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne da ya goga tabon ɓera, da ƙananan likitocin da suka kai rahoton abin da idonsu ya gani, da mai tantancewar da ya rubuta wa Einstein shafi goma bai ji tsoron sunansa ba. Irin wannan aiki yana cikin ikon kowane ɗayanmu.